Fiton Garken Jabbi

Wa ya ce fito tura jirgi ne kawai? Kai ne, Sanusi? To gyara zama, tunda bakinka ya fi filafili saurin motsi. Ku da kuka tashi kuka tarar da gada, ku hau babur ku tsallake gulbi kuna hira, ba laifinku ba ne. Amma kada wanda ya sake ce mani sana'ar da ta cinye mani gwiwoyi wasa ce. Ni Nomau na yi fito a mashigin nan da ke tsakanin ƙasar Tambuwal da ta Kebbe tun kafin a sami mulkin kai, har aka zo aka kafa ƙarfen farko na gadar da kuke taƙama da ita. Abin da nika gaya maku yau ba ji na yi ba.

Aikin farko da aka ba ni kwarfe ruwa ne. Kawu Labbo, ƙanen mahaifiyata, shi ke da jiragen mashigin, babba ɗaya na maɗaci da wani ƙarami da ya sha faci. Ya miƙo mani ƙoƙo ya ce in zauna tsakiyar jirgi, duk ruwan da ya shigo in mayar da shi inda ya fito. Damina guda cur ban taɓa filafili ba. In na kai hannu sai in ji gwangwala a gadon bayana. Da rani kuma, lokacin da gulbi ke janyewa har a tsallaka shi da ƙafa, sai mu jawo jiragen bisa yashi mu kife su, mu bi tsaga ɗaya-ɗaya da tsumma da danƙo muna toshewa. Wanda ya yi ha'inci a wannan aiki, sai ya kai tsakiyar ruwa zai tuna.

Bayan ƙoƙo sai gora. Ba irin wanda kuke zuba fura ba, babba ne, sai ka rungume shi da hannu biyu. Ka kwanta a kansa da ciki, ka ɗora kayan mutum a ka, ka yi ta dukan ruwa da ƙafafu har hayi. Sai da ƙirjina ya yi kanta kafin Kawu ya yarda na tsaya gaban jirgi da gwangwala. Mun fitar da kowane irin mutum. Fatake masu zuwa kasuwar Tambuwal, mata masu daddawa, malamin makaranta da kekensa, ma'aikacin asibiti da akwatin magani a cinya yana ta cewa kada ya jiƙe. Wanda ya fi kowa ba mu wuya jaki ne. Jaki ba ya shiga jirgi don Allah, sai an rufe mashi ido an ɗaga shi kamar ango, in ya shiga kuma ya zaɓi tsakiyar ruwa ya ce nan zai yi harbi.

Duk wannan ƙarfi ne, kuma kowane ƙato yana da ƙarfi. Abin da ke sa a kira mutum mai fito shi ne sanin ruwa. Wata safiya ina tsaye ina duban sama ko akwai hadari, Kawu ya daka mani tsawa.

“Kai Nomau, mi kaka nema bisa? Can za ka tuƙi? Dibi ƙasa!”

A ranar ya raba mani ruwa gida biyu. Akwai ruwan gida, wanda ya zuba a kanmu muka ji shi a jinka. Wannan ba ya ba mai fito tsoro, don ka ga zuwansa. Akwai kuma ruwan baƙo, wanda aka yi can gabas wajen ƙasar Zamfara, inda duwatsu da fako suka yi yawa. Jigawa irin tamu shanye ruwa take yi. Fako ba ya sha, turo shi yake yi cikin ƙoramu, ƙoramu su haɗu su juye a gulbi. Sai ya kwana yana tafiya, ya iske ka rana tsaka, sama tas babu ko gajimare. Alamarsa ja, da kumfa, da tarkacen garuruwan da ba ka taɓa zuwa ba: kara, kashin awaki, tsohon faifai.

Sannan ga fadama. Muddin fadama tana da ƙishi, ruwan baƙo in ya zo sai ya bazu cikinta ta shanye mai yawa, gulbi ya riƙa hawa a hankali. Ranar da ta ƙoshi, duk abin da ya zo a sama zai tsaya. Yadda Kawu ke ganewa, sai ya je bakin fadama inda ƙasa ke kama da busasshiya, ya danna diddige ya ɗaga. In gurbin ya tsaya haka nan, da saura. In ruwa ya tsattsafo ya cika shi kana kallo, to ka tafi ka ƙara wa jirginka igiya.

Aikin da ba na mantawa ya faɗo ne cikin shekarun farko na mulkin kai, daminar da ciwon bushiya ya shiga shanu ta wajen tudu. Akwai wani Bafillace, Jabbi, da muka saba da shi, don matarsa Inno ita ke kawo mana nono da rani. Yakan kafa rugarsa a wani tsibiri da ke hayin gulbi, ɗan tudu ne mai itatuwan giyayya, ciyawa har ƙirji. Bisa al'ada, da ruwa ya fara sauka yake kwashe shanunsa ya tsallako tun gulbi bai wuce gwiwa ba. A shekarar nan ya ƙi. Ya ji labarin garkunan da bushiya ta kwantar ta wajen Dogon Daji, ya ce gara ya zauna inda ruwa ya raba shi da shanun kowa har masu allura su iso. Ban ga laifinsa ba, har yau ban gani ba. Mutum ne da ba shi da gona ba shi da rumbu, abin da ya mallaka duk yana tsaye bisa ƙafa fuɗu.

Kawu ya tsallaka ya yi mashi magana ba sau ɗaya ba. Jabbi ya ce kakansa ma ya taɓa yin damina a tudun nan ruwa bai hau ba. Gaskiya ya faɗa, yawancin shekaru ba ya hawa. Sai dai a daminar nan an yi ta ruwa ba ƙaƙƙautawa, har bayan tsibirin ya zama tabki mai faɗi, cike da laka da irin ciyawar nan da ke naɗe ƙafar saniya. Hanya ɗaya ta rage mashi, ta gaba, ta cikin gulbin kansa.

Ranar da abin ya zo gari ya waye garau. Na fitar da wasu mata masu daddawa, ina dawowa na ga ruwan ya sake launi ya koma kamar kunun kanwa, ga kumfa jere-jere. Can sai ga jinkar ɗaki sukutum tana juyawa, da kaza tsaye a kanta. Kawu ya taka zuwa bakin fadama ya danna diddige. Kafin ya gama ɗaga ƙafa gurbin ya cika.

“Ta ƙoshi,” in ji shi. “Kwanto babban jirgi. Tudun Jabbi ba shi kai la'asar.”

Muka iske Jabbi tsaye da sanda a kafaɗa, ruwa ya riga ya cinye turakun da ke gefen ruga.

“Sannu Labbo. Ruwan ga wucewa shika yi ko zama?”

“Zama yaz zo yi, Jabbi, kuma bisa shimfiɗarka. Kwashe.”

Jabbi ya dubi shanun, ya dubi hayi. “In na fita bushiya, in na zauna ruwa.”

“Bushiya tana barin wasu. Wanga ba shi bar maka ko maraƙi.”

Bai ƙara gardama ba. Muka fara da mutane da kaya: tsohuwarsa, 'ya'yansa, ƙore da tabarmi. Inno kuwa tunda aka haife ta ba ta taɓa shiga jirgi ba, kullum da ƙafa take tsallakawa. Da ƙyar aka sa ta. Ta kwanta rub da ciki ta lulluɓe kai da zane tana ta salati, ta damƙe idon sawuna har farcenta ya shiga. Da muka taɓa yashi da rarrafe ta fita, ta amayar da duk abin da ke cikinta, sannan ta juyo tana nuna jirgin.

“In kun sake ganina cikin icen ga, ku ce ba Inno ba ce!”

Mutanen da ke jiran fito suka yi ta dariya. Ni ma na yi, don ban san abin da ke gaba ba.

To yanzu ku buɗe kunne, nan sana'ar take. Saniya ta iya iyo ba wanda ya koya mata, amma ba ta shiga jan ruwa don an ce ta shiga. Dabarar masu fito tun kakanni maraƙi ce. Ka nemi saniyar da garke ke bi, ka ɗaure ƙafafun maraƙinta ka aje shi a gindin jirgi inda za ta riƙa ganinsa, ka tura. Yana kuka za ta faɗa ruwa, sauran su bi ta. Kuma ba a nufar hayi kai tsaye. Sai ka ja garken sama sosai ta wajen da ruwa ke fitowa, ka shiga a karkace, ruwa ya ɗauke ku yana gangarawa da ku har ku faɗa kan yashin mashigi. Dalili, ƙasa da yashinmu kaɗan gaɓa ce a tsaye, ta fi mutum tsawo, kuma ta yi nisa a haka. Saniyar da ruwa ya wuce da ita yashi ba ta da inda za ta kafa kofato. Sai ta yi ta bin gaɓa tana neman mafita har ƙarfinta ya ƙare.

Da muka koma don kwasar maruƙa, Kawu ya tambayi Jabbi wace ce uwar garke, don mu bar nata a baya. Jabbi ya nuna wata tsohuwar saniya, baƙa mai farin goshi, ƙasusuwan baya duk a waje. Wule sunanta.

“Ina maraƙinta?”

“Ba ta haihu ba bana. Bara ma ba ta haihu ba.”

Kawu ya cire hula ya sosa kai. Tunda nake tare da shi ban taɓa ganin ya yi haka a bakin ruwa ba.

Muka kwashe maruƙan zuwa hayi, muka bar ɗaya na wata ƙaƙƙarfar saniya ja. Muka sa shi a gindin jirgi muka tura. Ya yi kuka, uwar ta faɗo, wasu 'yan kaɗan suka biyo ta. Na ce alhamdu lillahi a raina. Ruwa na kai mata ƙirji ta waiga, ta ga Wule tsaye bisa tudu tana tuƙa abinta kamar ba da ita ake ba. Sai ta juya. Uwa fa, da ɗanta yana kuka a gabanta, ta juya! Sauran ma suka bi ta suka fita.

Muka ɗaura wa Wule igiya a ƙaho, ni da Kawu da Jabbi muka ja. Tsohuwar nan ta kafa ƙafafu ta zauna da baya, sai ka ce an dasa ta. Jabbi ya shiga ruwa har wuya yana kiranta da Fillanci, muryarsa har ta dushe. Bajimin garken ya taka ya shinshina ruwa ya koma. Rana ta take tsaka, ruwa ya shigo cikin rugar ya rufe idon sawu. Tururuwa da macizai suna ta hawan giyayya. Iyayen maruƙa suna kuka nan, 'ya'yan suna amsawa daga hayi, garken ya fara cuɗanya wuri guda yana zagaye. A lokacin tsoro ya kama ni sosai, don na san in ruwa ya ɗaga su da kansa, ba yashi zai kai su ba.

“Jabbi, bar wahal da kanka,” in ji Kawu. “Wa saniyag ga taka ji?”

Jabbi ya sunkuyar da kai. Kun san su da kunya, ko sunan matarsa ba ya kamawa, balle ya faɗa a gaban maza cewa uwar garkensa ta fi jin matarsa da shi. Da ƙasa ya yi magana.

“Ta mai ɗakin ce. Ubanta yab ba ta ita ranar da anka kawo ta. Uwar ta mutu tana 'yar maraƙa, ita tar raine ta da hannu.”

“To mi muka jira?”

“Labbo, ka ga yadda tat tafi. Ba ni iya ce mata ta dawo.”

Ni ne na fara hango ta. Can hayi, a bakin yashi, mace tsaye cikin ruwa har ƙwauri, ta ɗaga ƙwarya sama da hannu biyu tana kaɗawa. Ba wanda ya kira ta. Tun daga can take kallon abin da muke yi, ta kuma san saniyarta.

Muka tura jirgi muka nufe ta. Wannan tsallakawar ta fi duk na baya wuya, gwangwala ta fara kasa taɓa ƙasa a wuraren da ɗazu take taɓawa. Muna isa ta kama bakin jirgi.

“Nomau, maida ni.”

“Inno, ruwan ya fi na ɗazu fa.”

“Ina da ido! Kana tsaye kana gaya mani abin da nika gani? Tura!”

A zaune ta yi wannan tafiya, ƙwaryar a cinya, da dusa da kanwa a ciki da ta karɓa wajen wata mai daddawa. Gumi na zuba mata, amma ba ta rufe ido ba. Muna taɓa tsibiri ta sauka ta ratsa garken, ko mijin ba ta duba ba. Ta je ta kwance igiyar da muka ɗaura wa Wule ta jefar, ta ba ta dusa a tafin hannu, ta yi mata magana a kunne. Sannan ta juya ta kama tafiya zuwa kan tsibirin ta gabas, inda Kawu ya zaɓa mu shiga. Wule ta bi ta. Garken nan da ya gagari maza uku ya miƙe ya bi bayansu.

Kawu ya tsara mu. Inno a gindin jirgi tana fuskantar baya, wurin da ake aje maraƙi. Shi ya durƙusa a gabanta da filafili, ni a goshin jirgi. Ya ce ta riƙe saniyar ta gefen da ruwa ke gangarawa, don in ta tsaya ta sama ruwa zai tura ta ƙarƙashin jirgi. Jabbi muka ba shi gora, ya bi bayan garke ta ƙasa yana tare masu kaucewa. Maraƙin nan ɗaya yana kwance tsakanin ƙafafunmu.

Muka tura. Inno ta miƙa ƙwarya tana kira, “Wule, Wule,” tana haɗawa da wani sauti da take yi da harshe. Saniyar ta zo bakin ruwa ta tsaya. Jirgi yana nisa, tana tsaye. Inno ta sake kira, wannan karon muryarta ta karye. Sai Wule ta sa ƙafa ɗaya, ta sa ta biyu, ta yi gaba har ruwa ya ɗauke ta. A bayanta muka ji ƙarar faɗawarsu, jabal, jabal, ba tsayawa. Na waiga na ga gulbi ya cika da ƙahoni da tozaye da hancuna suna huci.

A tsakiya abin ya so ya ɓaci. Na aje gwangwala na ɗauki filafili, don babu ƙasa kuma. Wule tsohuwa ce, ta fara gajiya. Hancinta ya nutse ya fito, ya sake nutsewa ya daɗe. Inno ta wurgar da ƙwaryar, ta duƙa ta cafko ƙaho da hannu biyu, ta jawo haɓar saniyar ta ɗora bisa bakin jirgi. Kun san nauyin kan saniya? Jirgin ya kwanta gefe guda, ruwa ya fara kwararowa ciki.

“Sake ta, Inno! Za ki kife mu!” Kawu ya yi ihu.

“In na sake ta duk sun tafi!”

Gaskiyarta. In uwar garke ta nutse a tsakiyar ruwa, sauran zagaye suke kamawa suna hawan juna har su ƙare. Kawu ya san haka fiye da kowa, bai sake cewa ta saki ba.

“Nomau, aje filafili! Kwanta wancan gefe! Ƙoƙo!”

Haka na koma aikin da na fara da shi. Rabin jikina a waje ta ɗaya gefen don in danne jirgi, hannu ɗaya riƙe da baki, ɗaya yana kwarfa. Ina zubarwa yana shigowa, ina zubarwa yana shigowa. Maraƙin yana ta shure-shure cikin ruwan. Kawu shi kaɗai yake tuƙi, da nauyin mutum uku da kan saniya, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi. Jirgin ya yi nauyi, ruwa ya fi ƙarfinmu, na ɗaga kai na ga yashin mashigi yana wuce mu. Inda muke sauka kullum ya wuce. Gindin kanyar da muke ɗaure jirgi ya wuce. Abin da ya rage ɗan harshen yashi ne siriri, daga shi sai jar gaɓa.

Mutanen da ke hayi suka ga abin da ake ciki. Fataken nan da ke jiran fito, da mazan garinmu, har da malamin makaranta da ya naɗe wando, suka ruga suka shiga ruwa riƙe da hannun juna, na gaba ruwa har ƙirji. Kawu ya yi wata irin kafa filafili, goshin jirgi ya juya, wani bafatake ya cafke shi. Na ji gindin jirgi ya gurji yashi. Ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba.

Wule ta sami ƙasa, ta ɗaga haɓarta da kanta, ta fita tana tangaɗi. Garken ya biyo sawunta suna fitowa suna kakkaɓe ruwa. Na bayan ruwa ya so ya kai su gaɓa, amma Jabbi yana ta ƙasa bisa gora yana dukan ruwa da sanda yana ihu, ya karkato su ɗaya bayan ɗaya. Shi ne ya fito ƙarshe, riƙe da wutsiyar wata karsana.

Wule tana hawa busasshen wuri ta zube. Cikinta na ɗagawa yana sauka, idonta a rufe. Inno ta sauka daga jirgi, ta rarrafa har wurin saniyar ta ɗora kanta a cinya. Jabbi kuwa bai ƙirga ba, su ba su ƙirga shanu. Ya shiga cikinsu yana dubawa, ya taɓa wannan ya shafa waccan, ya zagaya ya sake zagayawa, iyaye suna ta haɗuwa da maruƙansu. Sannan ya zo ya zauna bisa yashi kusa da Kawu, ya jawo malafarsa ya rufe fuska.

“Duka?” in ji Kawu.

Malafar ta yi sama ta yi ƙasa.

Ni dai dariya ta kama ni, ina yi hawaye na zuba, ƙoƙon yana hannuna na kasa sakinsa. Sanyin da ya sauka a raina ranar ban sake jin irinsa ba, ko ranar da aka haifa mani ɗan fari.

Muna sallar la'asar bisa tudun mashigi, da muka sallame na duba hayi. Babu tsibiri. Kawunan giyayya kawai ke leƙowa, ruwa na wucewa ta inda rugar take. Can sai muka ji motsi, ashe Wule ce ta yunƙura ta miƙe, ta kai baki ta fara tsinkar ciyawa. Inno ta dafa tozonta ta tashi ita ma.

“Ni da ke mun gama da ruwa,” ta ce mata.

Shekarar ba ta yi mana daɗi ba, kada ku ce na ɓoye. Ruwan nan ya kwashe shinkafar fadama kaf, ya tafi da ƙaramin jirginmu duk da igiyar da muka ƙara mashi, mutane da yawa sun ci rani da ganye. Amma masu allura sun iso kafin bushiya ta sami garken Jabbi, ya hau tudu da shanunsa cif. Inno ta cika maganarta, ba ta sake taka jirgi ba har ta bar duniya. Ko da aka yi gada, ta tsufa a lokacin, tsakiyar hanya take bi tana kallon ƙafafunta, masu mota su yi ta jiranta.

Kawu ya rasu, Jabbi ya rasu, babban jirgin ya ruɓe a gindin kanya. Ƙoƙon ne dai ga shi can rataye a ɗakina, wanda kuke tambaya don me ba a jefar ba. Saboda haka Sanusi, gobe in ka ɗauko fasinja garken jikokin Jabbi ya tare maka gada, kada ka yi ta danna masu oda kana zagi. Kashe babur ɗin ka duba goshinsu. Duk mai farin goshi da ka gani a ciki jinin Wule ce, kuma ta ƙarƙashin inda kake tsaye kakarta ta wuce da haɓarta bisa jirginmu.